Google ya rubuta ni namiji: da me yake cinkar jinsin mutum?

Maman Hanifa, Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da atamfa, leshi da mayafai a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, yawancin cinikin ta WhatsApp nake yi. Yanzu ina so in fara biyan kuɗin talla a Facebook da YouTube, kuma mata nake so su gani. To da aka buɗe mini shafin tallan Google a wayata sai na ga an rubuta "Homme, 25-34", wato namiji mai shekara 25 zuwa 34. Ni kuwa mace ce, na haura arba'in. Da me suke gane mace da namiji? Idan ni sun kuskure ni, in na biya kuɗi na ce mata kawai, wa za su nuna wa? Kuma akwai yadda zan gyara nawa? Masu sani a taimaka, Allah ya saka da alheri.

Injiniya Buba, Ngaundere

Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a ɗora wa na'ura laifi, a fara duba abu ɗaya: wa ya buɗe asusun Gmail da ke kan wayar? Ranar buɗe asusu Google yana tambayar ranar haihuwa da jinsi. In an cike, abin da aka cike yake ɗauka, ba ya wahalar da kansa da cinke. Yawancin wayoyin da ake saye a kasuwanninmu yaron shago ne ke buɗe asusun a tsaitsaye don Play Store ya yi aiki a sauke WhatsApp, sai ya danna abin da hannunsa ya saba. Wannan "Homme, 25-34" ya fi kama da mai sayar da waya fiye da sakamakon wani bincike a kanki.

Sai in ba a cike ba, ko mutum yana yawo a intanet bai shiga asusu ba, sannan a koma ga ƙiyasi. Ƙiyasin kuwa ba mutum yake kallo ba, sawu yake bi. Ana manna wa burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome, wata 'yar lamba da ake kira kuki, waya kuma tana da tata lambar talla. Shafuka da yawa suna ɗauke da ɗan gutsuren rubutun Google ko na Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, a cikinsu, duk wanda ya shigo sai ya kai rahoto: lamba kaza ta buɗe shafi kaza da ƙarfe kaza. A haɗa da abin da aka nema a Google, bidiyon da aka kalla a YouTube, da manhajojin da aka sauke. Daga nan sai su dubi miliyoyin mutanen da suka faɗi jinsinsu da bakinsu, su ga ina maza suka fi zuwa, ina mata suka fi zuwa, kowane shafi ya samu nauyinsa. Wanda bai faɗa ba, sai a auna sawunsa da wannan ma'auni.

Dabarar ta daɗe. A 2007 masu bincike na Microsoft suka gabatar da takarda a kan hasashen jinsi da shekaru daga shafukan da mutum ke buɗewa. A 2008 wani mai harkar tallan intanet a Amurka ya kafa wani ɗan shafi da ya yi tashe: kana shiga, ya gaya maka ko kai namiji ne ko mace. Sirrinsa launi ne. Mahaɗin da ba a taɓa dannawa ba shuɗi ne, wanda aka taɓa ziyarta sai ya koma shunayya. Shafin sai ya jera mahaɗan manyan shafuka 10,000 na Amurka a ɓoye, ya tambayi burauza launin kowanne, ya ware waɗanda suka canza, sannan ya ɗauko rabon maza da mata na kowane shafi daga alƙaluman kamfanin Quantcast, mai ƙididdigar masu ziyartar shafuka, ya ninka su.

Ga lissafin, da lambobin da na ƙirƙira don misali kawai. A ce shafin sakamakon ƙwallo maza 4 ne ga mace 1, nauyinsa 4 ke nan. Shafin kayan gyaran babur, 3. Shafin girki, namiji 1 ga mata 4, wato 0.25. Shafin atamfa, 0.5. A ninka: 4 × 3 × 0.25 × 0.5 = 1.5. Yiwuwar mace ita ce 1 a raba da (1 + 1.5), ya ba da 0.4. Na'ura sai ta ce kashi 60 cikin 100 namiji ne. Yanzu a ƙara shafin ƙwallo ɗaya tak: 1.5 × 4 = 6, yiwuwar mace ta faɗo 1 cikin 7, kusan kashi 14. Shafi ɗaya ya ɗaga namijin daga 60 zuwa 86.

Nan gizo ke saƙar. Mai son ƙwallo ba shafi ɗaya yake buɗewa ba, biyar yake buɗewa a yamma ɗaya. Irin wannan lissafi yana ƙirga kowanne a matsayin shaida mai zaman kanta, alhali shaida ɗaya ce ta maimaita kanta sau biyar. 4 a ninka sau biyar ya kai 1,024. Matar da ke bin wasannin Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon Garwa, ko uwar da ɗanta ya ari wayarta daren Real Madrid da Barcelona, za a ce mata namiji da tabbacin kashi 99.9. Na'urorin yau sun fi wannan wayo, suna rage nauyin shafuka masu kama da juna, amma tushen bai canza ba: wanda ya fi taɓa wayar shi ke rinjaye.

Ita waccan kafa ta launi an toshe ta: Mozilla ta fitar da gyara a 2010, sauran burauzoji suka bi. Amma Google da Meta ba sa buƙatar leƙe ta taga, a cikin gidan suke.

Malama Hadiza, Marwa

Injiniya ya kawo tushen. Ni abin da zan ƙara shi ne a yi hattara da alƙaluman "daidai kashi kaza" da ake yawo da su, don su ne ke sa 'yan kasuwa su saki jiki.

Wanda aka fi ambato shi ne binciken 2013 na masana daga Jami'ar Cambridge da Microsoft. Sun ɗauki mutum 58,000 a Amurka da suka yarda a duba shafukan da suka danna wa "Like" a Facebook, aka samu kashi 93 a jinsi. Amma ma'anar 93 ɗin ita ce: in aka ɗauko namiji ɗaya da mace ɗaya aka ce na'ura ta ware wane ne wane, sau 93 cikin 100 za ta ware daidai. An riga an gaya mata ɗaya mace ce, ɗaya namiji. Wannan daban yake da a miƙa mata waya ɗaya a ce ta wace ce. Sannan mutanen Amurkawa ne, kowa da asusunsa, da Turanci suke rubutu. A gidajenmu waya ɗaya tana iya kwana a hannu huɗu: maigida da safe, uwargida da hantsi, ɗan makaranta da la'asar, ƙanen miji da dare. Mai neman waƙa da Fulfulde, wa'azi da Hausa, takardar jarrabawa da Faransanci, duk a lamba ɗaya, wane ma'aunin Amurka ne zai auna shi?

Akwai wani tarko kuma da ya shafe ki kai tsaye, Maman Hanifa. A ce, misali, cikin mutum 1,000 da ke kan intanet a wata unguwa 700 maza ne, 300 mata, na'urar kuma tana kuskuren kashi 20 a kowane ɓangare. Cikin mata 300 za ta gane 240. Cikin maza 700 za ta kuskure 140 ta rubuta su mata. Kwandon "mata" yanzu yana ɗauke da 380, a ciki 140 maza ne, kusan kashi 37. Mata 60 kuma sun faɗa kwandon maza, ba za su taɓa ganin tallarki ba. Na'urar da aka ce tana daidai kashi 80 ke nan. Duk inda ɓangare ɗaya ya fi yawa, ƙaramin ɓangaren ne ke cika da baƙi.

Abin ba wasa ba ne a wajen mata. A 2015 masu bincike a Jami'ar Carnegie Mellon suka ƙirƙiri masu ziyara na bogi, suka sa wa rabi "namiji" rabi "mace" a saitin tallan Google, suka tura su shafukan neman aiki iri ɗaya. Wata talla ta horas da masu neman manyan muƙamai, masu albashin sama da dala 200,000 a shekara, ta fito wa rukunin maza sau 1,852, na mata sau 318. A can ba cinke aka yi ba, saiti ne, amma ya nuna cewa wannan kalma ɗaya tana yanke abin da zai iso idonki da abin da ba za ki taɓa sanin ya wuce ba. Shi ya sa nake ganin ya kamata kowace mace ta buɗe shafin nan ta duba abin da aka rubuta a kanta.

Ɗanjuma mai gyaran waya, Kusiri

Hajiya barka da rana. Gyaran minti biyar ne. Na ɗauka wayar Android ce kuma da Faransanci take, Tecno ko Itel ko Infinix duk tafiyar ɗaya ce, sai dai sunayen kan ɗan bambanta.

Ki shiga Paramètres, ki taɓa Google, sai Gérer votre compte Google, sai Informations personnelles. Nan za ki ga ranar haihuwa da jinsi. In an sa Homme, an kama ɓarawon, ki mai da shi Femme, ki gyara ranar haihuwa. Ki kula da shekarar sosai: in hannu ya kuskure aka sa shekarar da ta mai da ke ƙaramar yarinya, Google na iya rufe asusun sai kin tura shaidar shekaru. A wurin kuma ki duba lambar waya da imel na dawo da asusu. In na wanda ya buɗe miki ne, ki sa naki ki canza kalmar sirri, wannan ya fi maganar jinsin muhimmanci.

Bayan haka ki buɗe myadcenter.google.com, ki shiga Gérer la confidentialité. A nan ake jera abin da suke zato a kanki: jinsi, shekaru, harshe, ko kina da aure, ko kina da 'ya'ya da sauransu. Kowanne ana iya gyara shi ko a kashe. A saman shafin akwai makunnin Annonces personnalisées. In kin kashe, talla ba za ta daina zuwa ba, za ta daina bin tarihinki ne kawai.

Sai lambar tallar wayar: Paramètres, Google, Annonces, a wasu wayoyi tana ƙarƙashin Confidentialité. Ki taɓa Supprimer l'identifiant publicitaire, lambar za ta koma sifiri zalla. In tsohuwar waya ce ba ta da wannan, akwai Réinitialiser, yana ba ki sabuwar lamba.

Inda mutane ke kuskure: sai su share tarihi a Chrome su ɗauka shi ke nan. Akwai wani tarihin da ke ajiye a asusun, yana myactivity.google.com. Can za ki share, ki kuma sa ya riƙa share kansa bayan wata 3, akwai zaɓin 18 da 36. Na Facebook yana Espace Comptes, Vos informations et autorisations, Votre activité en dehors des technologies Meta, a nan za ki ga jerin shafuka da manhajojin da suka kai rahotonki, ki cire su.

In yara na karɓar wayar, a buɗe musu wani asusun a YouTube su riƙa sauyawa, a sauke musu wata burauza daban wadda ba a shiga asusunki a cikinta ba. In ba haka ba, bayan sati biyu kokawa da ƙwallo sun sake cika shafin.

Alhaji Sale, Garwa

Hajiya, a kan kuɗin talla, a raba Facebook da Google, don ba hanya ɗaya suke bi ba.

Facebook da abin da mutum ya rubuta ranar buɗe asusu yake aiki. Matsalarsa a nan ba cinke ba ce, mutane ne: matan da ke shiga da asusun miji ko na ɗa, waɗanda suka sa sunan namiji don gudun masu damu a saƙo, da samarin da ke riƙe da asusun sunan mace. A Google Ads kuwa kwando uku ne: namiji, mace, da wanda ba a sani ba. Na ukun nan yana da girma, kuma matan da Google bai iya gane jinsinsu ba a cikinsa suke. Wanda ya cire shi ya kori masu sayensa da hannunsa.

Ni shawarata kada ki fara da "mata kawai". Wa ke biyan kuɗin lefe? Wa ke fitar da kuɗin kayan Sallah na gida? Sau da yawa ango ne ko maigida zai ga tallar, ya tura wa yayarsa ko matarsa hoton ya ce ta zaɓa. Ki gwada ki gani da idonki. Talla biyu, hoto ɗaya, rubutu ɗaya, Garwa da kewayenta kamar kilomita 20, shekara 20 zuwa 55. Ɗaya mata kawai, ɗaya kowa da kowa. Kowacce sefa 1,000 a rana har kwana 7, jimla 14,000. Ki yi da Test A/B na Gestionnaire de publicités, wato zaɓin gwada talla biyu da juna a shafin sarrafa tallan Facebook, don kada mutum ɗaya ya faɗa duka biyun, kuma kada ki taɓa komai har kwanakin su cika, don duk babban gyara yana mai da na'urar farkon koyo. Maɓallin tallar ya kai mutum WhatsApp, kowace talla da kalmar gaisuwarta daban don ki san daga ina saƙo ya zo. A ƙarshe kada ki ƙirga "Like". Ki raba 7,000 da yawan waɗanda suka saya. In ta farko ta kawo masu saye 5, kowanne ya ci miki 1,400. In ta biyu ta kawo 8, kowanne 875.

Abu biyu da ke ɓata gwajin. Na ɗaya, in Audience Advantage+ na kunne, wato zaɓin da ke barin Meta ta nemo masu gani da kanta, jinsin da kika zaɓa shawara ce kawai a wurin Meta, tana iya tsallakewa ta nuna wa maza. Sai kin koma zaɓin asali kafin ya zama iyaka. Na biyu, hoton da kansa yana jan jinsi. Wani bincike na 2019 da masana na Jami'ar Northeastern da abokan aikinsu suka yi ya nuna cewa ko mai talla bai zaɓi jinsi ba, Facebook yana karkatar da talla gwargwadon abin da ke cikin hoton. Hoton leshi da mayafi zai nufi mata da kansa, ba sai kin biya da rage yawan masu gani ba. Ki duba Répartition a rahoton, za ki ga rabon maza da mata.

Maman Hanifa, Garwa

Allah ya saka wa kowa da alheri. Injiniya ka canka, Homme aka sa, shekarar haihuwar ma ba tawa ba ce, na gyara. Saura tambaya ɗaya: in aka yi amfani da Navigation privée, wato yanayin sirri na burauza, shi ke nan ba wanda ya san inda aka shiga? Ina tambaya ne saboda amare da ke amfani da wayar gida.

Injiniya Buba, Ngaundere

A'a Hajiya. Navigation privée na ɓoye sawu ne daga wanda zai ɗauki wayar bayanki: in an rufe shafin, tarihi da kukis na wannan zama sun tafi. Amma shafin da aka ziyarta ya ga mai ziyara, kuma da zarar an shiga Gmail ko Facebook a ciki, an gabatar da kai da suna. Kamfanin layi, Orange ko MTN ko Camtel, yana iya ganin sunan shafin da aka nufa, sai dai in adireshin ya fara da https ba ya ganin abin da aka karanta ko aka rubuta a ciki. Sannan yanayin a burauza kawai yake aiki, bai shafi manhajar Facebook Lite ko TikTok ba. Firefox tun 2019 da Safari tun 2020 suna toshe kukis masu bin sawu daga shafi zuwa shafi ba sai an saita ba. A Chrome, in ba a cikin Navigation privée ba, sai an shiga Confidentialité et sécurité an toshe irin waɗannan kukis, Cookies tiers, da hannu.

Malama Hadiza, Marwa

Na gane inda kika dosa, Yaya, kuma tambayar tana kan hanya. Amarya ta nemi alamomin shigar ciki a wayar gida da dare, ta share abin da ta rubuta. Washegari ƙanen miji ya buɗe YouTube a tsakar gida, tallar madarar jarirai da kayan haihuwa ta fito kafin bidiyo, surukuwa na zaune a gefe. Cikin fari da ake ɓoyewa don kunya, waya ta riga kowa faɗa. Haka yake ga mai neman maganin rashin haihuwa ko wani ciwon da ba ta so a sani.

Don irin wannan, Navigation privée tana da amfani sosai, muddin ba a shiga asusu a ciki ba kuma an rufe shafin bayan an gama. A Chrome ana ganin alamar hula da tabarau, a tabbatar ta ɓace. A myadcenter.google.com kuma, ƙarƙashin Personnaliser les annonces, akwai sashen batutuwa masu sarƙaƙiya inda ake rage tallan ciki da renon yara, rage ƙiba, neman abokin soyayya, giya da caca. A kashe na cikin a duk wayar da ake karɓa-karɓa. Ragewa yake yi, ba ya hanawa gaba ɗaya, kuma ikonsa bai wuce tallan Google ba. Na Facebook sai an shiga Préférences publicitaires an nemi batun an zaɓi Voir moins. In binciken a manhajar YouTube aka yi, a taɓa hoton asusu a kunna yanayin sirri na manhajar kafin a rubuta komai, don nata tarihin daban yake da na Chrome.